Fanshon ƴan kwana-kwana a Faransa: Paris ke alkawari, gundumomi ke biya

A ranar 28 ga watan Janairun 2020, dubban ƴan kwana-kwana suka fito zanga-zanga a titunan birnin Paris sanye da kayan aikinsu, har ta kai su ga arangama da ƴan sanda. Wata bakwai ke nan suna yajin aiki, ko da yake yajin nasu bai hana su fita ba idan an kira lamba 18. Sai dai su rubuta kalmar yaji a jikin motoci da rigunansu, su ci gaba da aiki. A wannan rana ce ministan cikin gida na lokacin, Christophe Castaner, ya amince a ɗaga alawus ɗin kasada da ake ba su, wanda ake kira prime de feu, daga kashi 19 zuwa kashi 25 cikin 100 na albashi. Ƙungiyoyin ƙwadago sun nemi kashi 28, amma suka karɓa, suka janye yajin.

Abin da bai fito fili ba a ranar shi ne, ba daga aljihun ma'aikatar ministan kuɗin zai fito ba. Mafi yawan ƴan kwana-kwanan Faransa ba ma'aikatan gwamnatin tsakiya ba ne. Gundumomi da ƙananan hukumomi ne ke biyan su, kuma an ƙiyasta ƙarin zai ci musu kimanin euro miliyan 80 a kowace shekara, wato sama da sefa biliyan 52. Ga shi kuma alawus ɗin yana shiga lissafin fansho, don haka nauyin ba ya tsayawa a albashin ƙarshen wata. Yana bin ma'aikaci har bayan ya ajiye aiki.

Wannan shi ne tushen gardamar da ake yi a Faransa kan fansho da diyyar nakasa na ƴan kwana-kwana. Kusan kowa ya yarda sun cancanci abin da ake ba su. Inda ake ja-in-ja shi ne, wanda ke yanke hukunci daban, wanda ke biya daban.

Su wane ne ƴan kwana-kwanan Faransa

Faransa na da ƴan kwana-kwana kimanin 250,000, kuma kashi uku suke.

Na farko sojoji ne, kimanin 13,000. Rundunar Paris ta samo asali ne daga 1811, lokacin da Napoleon ya kafa ta bayan gobarar da ta tashi a ofishin jakadancin Ostiriya a 1810. Ta Marseille kuwa sojojin ruwa ne, an kafa ta a 1939 bayan gobarar wani babban kanti da ta kashe mutane 73 a 1938. Waɗannan suna ƙarƙashin tsarin fanshon soja, don haka ba su ne jigon wannan bayani ba.

Na biyu su ne ma'aikatan dindindin, sama da 40,000, waɗanda kashe gobara da ceto ne sana'arsu. A doka ma'aikatan hukumomin yanki ne, kamar sakataren ofishin magajin gari ko mai gyaran hanyoyin gunduma.

Na uku, kuma mafi yawa, masu aikin sa-kai ne, kusan 200,000. Cikin kowane ƴan kwana-kwana biyar, kusan huɗu masu sa-kai ne: manomi, malamin makaranta, makanike, ma'aikaciyar jinya, kowa da sana'arsa, sai an yi kira su ajiye abin da ke hannunsu su garzaya bariki.

Aikin nasu ma ya wuce abin da sunan ke nunawa. Suna fita sama da sau miliyan 4 da rabi a shekara, kuma gobara ba ta kai kashi 10 cikin 100 na wannan adadi ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 ɗaukar marasa lafiya ne da waɗanda suka ji rauni. A ƙauyukan da likitoci suka yi ƙaranci, motar kwana-kwana ce ke fara isa gidan tsohon da ya faɗi.

Wa ke riƙe da jakar kuɗi

Kafin 1996, kowace ƙaramar hukuma ce ke kula da ƴan kwana-kwananta. Dokar 3 ga Mayun 1996 ta tattara su a matakin gunduma, wato département, ƙarƙashin wata hukuma da ake kira SDIS. Kusan kowace gunduma na da tata. Shugaban majalisar gunduma, ko wanda ya wakilta, shi ke jagorantar kwamitin gudanarwarta, amma a fagen aiki umarni na fitowa ne daga perefe, wakilin gwamnatin tsakiya, ko daga magajin gari.

Hukumomin SDIS baki ɗaya suna kashe sama da euro biliyan 5 a shekara. Idan aka juya shi zuwa sefa, ya haura biliyan 3,200, kusan girman kasafin kuɗin gwamnatin Nijar na shekara guda. Kimanin kashi 80 cikin 100 na kuɗin gudanarwa kan ma'aikata yake tafiya: albashi, alawus, da zubin fansho.

Gundumomi ne ke kawo fiye da rabin kuɗin, ƙananan hukumomi su kawo mafi yawan ragowar. Sai dai wata doka ta 27 ga Fabrairun 2002 ta yi wa kason ƙananan hukumomi iyaka: jimillarsa ba za ta ƙaru fiye da hauhawar farashin kaya ba. Ma'ana, duk ƙarin da ya wuce haka, kan gunduma yake faɗawa. Gwamnatin tsakiya tana taimakawa ta hanyar miƙa wa gundumomi wani kaso na harajin inshorar motoci tun daga 2005, wanda ya haura euro biliyan 1 a shekara, amma wannan kaso yana bin kasuwar inshora ne, ba ya bin tsadar aikin kwana-kwana.

Gunduma kuwa ba kwana-kwana kaɗai ke kanta ba. Ita ke biyan tallafin marasa abin hannu, da na tsofaffi da naƙasassu, da kula da yaran da ba su da mai riƙo, da gine-ginen kwalejoji, da hanyoyin karkara. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta shi ne harajin cinikin gidaje da filaye, kuma a 2023 wannan haraji ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, saboda tsadar bashin banki ta sa mutane sun rage sayen gida.

Yadda ake lissafin fansho

Ma'aikacin kwana-kwana na dindindin yana da abubuwa uku da suka bambanta shi da sauran ma'aikatan hukumomin yanki.

Na farko, yana iya barin aiki da wuri. Doka ta sa shi cikin rukunin masu aiki mai gajiyarwa da hatsari, waɗanda ke da damar ritaya shekara biyar kafin saura, muddin sun yi aƙalla shekara 17 a irin wannan aiki. Lokacin da shekarun ritaya na kowa suke 62, nasa 57 ne. Dokar sauya tsarin fansho ta 2023, wadda ta tsara ɗaga na kowa zuwa 64 sannu a hankali, ta tsara ɗaga nasa zuwa 59.

Na biyu, ana yi masa kyautar shekaru. Duk shekara biyar da ya yi yana aikin kwana-kwana, ana ƙara masa ɗaya a lissafin fansho, iyakarta shekara biyar. Sharaɗin shi ne ya yi shekara 27 yana aikin gwamnati, 17 daga ciki a kwana-kwana. Ba don haka ba, da barin aiki da wuri zai sa fanshonsa ya ragu ƙwarai.

Na uku shi ne alawus ɗin wuta. A Faransa cikakken fanshon ma'aikacin gwamnati kashi 75 ne cikin 100 na ainihin albashinsa na wata shida na ƙarshe, kuma galibin alawus ba sa shiga wannan lissafi. Na ɗan kwana-kwana yana shiga, bisa wata doka ta 1990.

Ga misali, a ɗauka ainihin albashin mutum euro 2,000 ne a wata, kuma duk rayuwar aikinsa a kwana-kwana ya yi ta. Da alawus na kashi 19, yana samun ƙarin euro 380. Da kashi 25, ƙarin ya zama 500. A cikakken fansho, wannan bambanci na euro 120 yana zama euro 90 a kowane wata, har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya bar aiki kafin ya cika shekara 60 kuwa yana iya karɓar fansho na shekara 20 ko fiye.

Bayan ƙorafin ƙungiyar gundumomin Faransa, gwamnati ta soke wani zubi na musamman da SDIS ke biya a kan wannan alawus, daga 2021. Hakan ya rage musu nauyi, amma bai cike gurbin duka ba. Kuma soke zubi yana nufin asusun fansho ne ya rasa kuɗin shiga.

Asusun da masu zubi ke raguwa

Asusun da ke biyan fanshon ma'aikatan hukumomin yanki da na asibitocin gwamnati sunansa CNRACL, an kafa shi a 1945. Ba ya ajiye wa kowa kuɗinsa a gefe. Zubin da ma'aikatan yau da iyayen gidansu ke yi, shi ake rabawa tsofaffin ma'aikatan yau. Tsarin na tafiya lafiya muddin masu zubi sun fi masu ɗauka yawa sosai.

A shekarun 1980, ma'aikata fiye da huɗu ne ke zubi a kan kowane ɗan fansho guda. Yanzu kimanin ɗaya da rabi ne. Waɗanda aka ɗauka da yawa a shekarun baya sun kai lokacin ritaya, mutane na daɗewa a duniya, sannan hukumomi na ƙara ɗaukar ma'aikatan kwantaragi, waɗanda wani asusu daban suke zuba wa. Asusun ya shiga giɓi na biliyoyin euro.

Maganin da gwamnati ta zaɓa shi ne ɗaga zubin mai ɗaukar aiki. A 2024 yana kashi 31.65 cikin 100 na ainihin albashi. Wata takardar doka ta Janairun 2025 ta tsara a riƙa ƙara maki uku kowace shekara har shekara huɗu: 34.65 a 2025, har ya kai 43.65 a 2028. Ma'aikaci shi kuma yana zuba kashi 11.10.

A koma ga mai albashin euro 2,000. A 2024 hukumarsa na zuba masa euro 633 a wata. A 2028 za ta zuba 873. Ƙarin euro 240 ke nan a wata, 2,880 a shekara. Hukumar SDIS mai ma'aikatan dindindin 500 a irin wannan albashi za ta nemo ƙarin euro miliyan 1.44 a shekara, kusan sefa miliyan 945, ba tare da ta ɗauki ko mutum ɗaya ba, ba tare da ta sayi ko mota ɗaya ba. Tun da kason ƙananan hukumomi na da iyaka, gunduma ce za ta nemo kuɗin, ko kuma a jinkirta sayen motoci da gyaran barikoki.

Idan aiki ya taɓa jiki

Fansho ana iya lissafa shi tun da wuri. Rauni da ciwo kuwa ba a san ranar zuwansu ba.

Ma'aikacin dindindin da ya ji rauni a bakin aiki, ko ya kamu da ciwon da aka tabbatar aikin ne ya jawo, yana samun hutun jinya da cikakken albashi har ya warke ko ya yi ritaya, kuma hukumarsa ce ke biyan albashin da kuɗin magani. A lokaci guda dole ta nemi mai riƙe gurbinsa. Idan ya koma aiki amma raunin ya bar masa nakasar da ta kai kashi 10 cikin 100, yana samun alawus na nakasa a kan albashinsa. Idan ba zai iya komawa ba sam, sai a yi masa ritayar nakasa, a haɗa masa fansho da diyya ta tsawon rai.

Akwai kuma tanadi ga wanda ƙarfinsa ya fara raguwa. Daga shekara 50, idan likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da fita fagen aiki ba, ana iya mayar da shi ofis, ko a sauya masa aiki, ko a ba shi hutu na musamman da kashi 75 cikin 100 na albashi na tsawon da bai wuce shekara biyar ba.

Masu sa-kai su ma ba a bar su a baya ba. Dokar 31 ga Disamban 1991 ta ɗora wa SDIS biyan kuɗin maganinsu da diyyar ranakun da suka rasa a sana'arsu. Idan nakasar ta zama ta dindindin, gwamnatin tsakiya ce ke biyan alawus ko fanshon nakasa, haka ma abin da ake ba iyalan wanda ya rasu a bakin aiki.

Wani sabon babi ya buɗe a 2022, lokacin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon, ta sanya aikin kwana-kwana a rukuni na farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Ta ce akwai isassun hujjoji kan ciwon dajin mafitsara da na tantanin da ke lulluɓe huhu. Hayaƙi da toka da sinadaran da ke manne wa kayan aiki suna shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma ciwon na iya ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya bayyana. Tun daga lokacin ƙungiyoyin ƴan kwana-kwana ke matsa lamba a faɗaɗa jerin cututtukan da doka ke ɗauka a matsayin na aiki kai tsaye. Duk cutar da ta shiga jerin, ma'aikaci ya huta da neman hujja, ita kuma hukuma ta sami sabon nauyi. Hanyar rage shi ita ce rigakafi: wanke kayan aiki bayan kowace gobara, raba wurin kaya masu datti da masu tsabta a bariki, da duba lafiyar ma'aikata a kai a kai. Waɗannan ma kuɗi ne, sai dai ba su kai kuɗin jinya ba.

Masu sa-kai, ginshiƙin da ke riƙe da ginin

Abin da ya sa tsarin Faransa bai fi haka tsada ba shi ne masu sa-kai. Ba su da albashi. Ana ba su ihsani ne na awa, tsakanin euro 8 zuwa 13 gwargwadon muƙami, kuma ba a cire masa haraji.

Domin a riƙe su, an ƙirƙiro musu wani abu mai kama da fansho. A 2004 aka kafa tsarin da SDIS ke tara kuɗi tun da wuri a hannun kamfanin inshora a kan kowane mai sa-kai. Gundumomi suka koka cewa suna zuba kuɗi masu yawa alhali masu karɓa kaɗan ne a lokacin. A ƙarshen 2016 aka sauya: yanzu ana biyan abin da ya kama ne shekara-shekara daga kasafin kuɗi, gwamnatin tsakiya ta ɗauki rabi. Sauyin ya sauƙaƙa wa gundumomi nan take, amma ya tura nauyin gaba, domin adadin masu karɓa na ƙaruwa kowace shekara.

Dokar da ake kira Matras, ta Nuwamban 2021, ta rage shekarun da ake buƙata daga 20 zuwa 15. Wanda ya cika sharaɗi yana fara karɓa daga shekara 55 idan ya daina aikin, daga kimanin euro 500 a shekara ga mai shekara 15 zuwa kimanin 3,000 ga mai shekara 35. Dokar fansho ta 2023 ta ƙara yi musu alkawarin ƙarin watanni a lissafin fanshon sana'arsu idan sun yi shekara 10, amma takardar aiwatar da alkawarin ta shafe fiye da shekara biyu ba ta fito ba.

Babbar fargaba ta fito ne daga wajen ƙasar. A ranar 21 ga Fabrairun 2018, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Matzak, wani mai sa-kai na garin Nivelles a Beljiyam wanda aka wajabta wa zama a gida cikin shiri, ya isa bariki cikin minti takwas idan an kira. Kotun ta ce shi ma'aikaci ne a idon dokar Turai, kuma wannan zaman jira lokacin aiki ne. Dokar Turai ta kayyade aiki ga awa 48 a mako. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan masu sa-kai na Faransa, wanda ya riga ya yi awa 35 a sana'arsa ba zai rage da lokaci mai yawa ba. Cike gurbin zai buƙaci ɗaukar dubban ma'aikatan dindindin, kowannensu da albashi, da alawus ɗin wuta, da zubin fansho. Shi ya sa gwamnatocin Faransa suka dage cewa sa-kai ba aikin albashi ba ne.

Duk wannan na faruwa ne a lokacin da buƙata ke ƙaruwa. A bazarar 2022, wutar daji ta cinye kimanin hekta 30,000 a gundumar Gironde kaɗai, sai da aka kawo ɗauki daga wasu gundumomi da ƙasashen Turai.

Inda batun ya taɓa ƙasashen Afirka

Ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci sun ɗauki samfurin Paris ne, ba na gundumomi ba. A Nijar da Kamaru da Burkina Faso da Kodebuwa, manyan rundunonin kwana-kwana sojoji ne, don haka albashinsu da fanshonsu na kan gwamnatin tsakiya. A Gana ma hukumar kashe gobara ta ƙasa ce, ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Najeriya ce ta fi kusa da yanayin Faransa: akwai hukumar tarayya, akwai na jihohi, kuma ma'aikacin jiha yana dogara ne da ƙarfin aljihun jiharsa. Dokar fansho ta 2014 ta tsara ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, amma jihohi da dama sun tara bashin fansho da giratuti.

Duk lokacin da kasuwa ta kama da wuta, kira ɗaya ake yi: a kawo bariki kusa, a sayo motoci. Kiran daidai ne. Amma mota sau ɗaya ake sayenta, shi kuwa matashin da aka ɗauka yana ɗan shekara 22, alkawari ne na shekara 50 ko fiye, da albashi da jinya da fansho da haƙƙin iyalinsa idan ya rasu a bakin aiki. Duk majalisar gari ko ta jiha da aka miƙa wa aikin kashe gobara tana da tambayoyi uku da ya kamata a amsa mata a rubuce kafin ta karɓa: wa ke da ikon ƙara albashi da alawus, wa ke cike giɓin asusun fansho, kuma wa ke biya idan ma'aikaci ya nakasa. A Faransa amsar ta farko Paris ce, ta biyu da rabin ta uku kuwa gunduma, kuma zubin zai ci gaba da hawa har 2028.